Idon gidan caca yana kan mai ci, ba ya kan wanda ake ci

A wata fada da ke unguwar Zariya a nan Maraɗi, ana tsakiyar zuba shayi na biyu, wani matashi ɗan kabu-kabu ya miƙo mini wayarsa yana cewa: "Malam, don Allah duba mini, ko rezo ne ya lalace." Makonni uku ya yi yana cin kuɗi a cacar ƙwallon ƙafa ta intanet, sai kwatsam kamfanin ya daina karɓar jika biyar ɗin da ya saba zubawa, ya ce ba zai wuce dala ɗari ba. Na ce masa rezo lafiyarsa lau, ganin ka aka yi. Abin da ya same shi tsohuwar sana'a ce da manyan gidajen caca na duniya suka daɗe da ƙwarewa a kanta, kuma ya kamata iyaye da hukumomi su san yadda take aiki.

A Las Vegas ta jihar Nevada a Amurka, kafin zuwan kyamara, ma'aikata kan bi ta wasu siraran hanyoyi a cikin rufin ɗaki, suna leƙen teburan caca ta gilashin da na ƙasa ke ɗauka madubi ne. Yau an maye gurbinsu da kyamarori masu ɗimbin yawa, kowace a cikin baƙin murfi mai kama da ƙoƙon da aka manna a silin, ta yadda ɗan caca ba zai san inda ta fuskanta ba. Masu kallon suna zaune a wani ɗaki na daban gaban allunan talabijin, kuma ba baƙi kaɗai suke sa wa ido ba, har da ma'aikatan gidan. Shi ya sa mai raba karta, idan zai bar tebur, sai ya tafa hannu ya buɗe tafukansa sama, domin kyamara ta shaida bai ɓoye komai ba.

Ba ni da ja a kan kama ɓarawo. Wanda ya yi wa karta alama, ko ya haɗa baki da mai rabo, ko ya ƙara kuɗi a tebur bayan ya ga sakamako, macuci ne a kowace doka. Inda maganar take shi ne mutumin da bai taɓa karta ba, bai saci komai ba, ƙwaƙwalwarsa kawai ya yi aiki da ita.

A wasan karta na blackjack, inda ake neman kusantar maki 21 ba tare da an zarce ba, kartar da ta fita ba ta komawa sai an sake cakuɗawa, saboda haka abin da ya rage a hannun mai rabo yana sauyawa. A 1962 wani malamin lissafi, Edward Thorp, ya wallafa littafin da ya nuna cewa idan manyan karta suka yi yawa cikin ragowar, rinjaye yakan koma wajen ɗan wasa. Hanyar da ta fi yaɗuwa daga baya ba ta da wuyar faɗi: duk kartar da ta fito daga 2 zuwa 6 a ƙara ɗaya a zuci, duk mai maki goma ko as (karta mai harafin A) a rage ɗaya, daga 7 zuwa 9 kuwa a bar lissafi yadda yake. Idan adadin ya hau, mai ƙirga ya zuba kuɗi da yawa, idan ya sauka ya zuba kaɗan. Duk wannan wahalar, ribar da yake samu a kan gidan ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba.

To, a nan ne asirinsa ke tonuwa, domin ana iya ɓoye lissafi a zuci, amma kuɗin da aka ajiye a tebur ba ya ɓuya. Ma'aikacin ɗakin kallo yakan mayar da hoton bidiyon baya, ya ƙirga kartar da kansa, ya duba ko kuɗin mutumin na hawa da sauka tare da lissafin. Ɗan caca na gama-gari yana ƙara kuɗi ne idan zuciya ta ɗebe shi ko yana neman fanshe hasara, shi kuwa mai ƙirga yana ƙarawa ne lokacin da lissafi ya ba shi dama, ko da yanzu aka cinye shi. Ana lura da wanda ba ya shan giyar da ake kawowa kyauta, da wanda idonsa ke bin kartar kowa, da kuma baƙon da ke zuwa tebur da maƙudan kuɗi daidai lokacin da karta ta yi kyau. Wannan dabara ta ƙarshe ita ce ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka suka shahara da ita a shekarun 1980 da 1990: ɗaya ya zauna yana zuba kaɗan yana ƙirga, ya yi wa abokinsa ishara ya zo da babban kuɗi.

Idan an tabbatar, ba a cika yin hayaniya ba. Ko a riƙa cakuɗa karta da wuri, ko a hana shi sauya yawan kuɗin da yake zubawa, ko wani mai kwat ya dafa kafaɗarsa cikin ladabi ya ce masa yana iya yin kowane wasa a gidan ban da wannan. Sannan hotonsa ya zagaya. Kamfanin Griffin, wanda aka kafa a 1967, ya yi shekaru yana tattara hotuna da sunayen irin waɗannan mutane yana sayar wa gidajen caca, har sai da ƙarar ɓata suna da wasu ƴan wasa biyu suka shigar ta kai shi ga bayyana karyewa a 2005.

Ƙirga karta a zuci ba laifi ba ne a dokar Nevada, amma gidan na da ikon korar wanda ya ga dama. A jihar New Jersey kuwa, kotun ƙoli ta jihar ta yanke a 1982, a shari'ar wani mai ƙirga karta, Ken Uston, cewa ba za a kori mutum don ya iya lissafi ba. A Ingila, wani shahararren ɗan wasan karta, Phil Ivey, ya ci fam miliyan 7.7 a gidan Crockfords na Landan a 2012 ta hanyar lura da ɗan bambancin zanen bayan karta, bayan ya sa mai rabo ta jujjuya wasu daga ciki. Gidan ya ƙi biya, kuma a 2017 kotun ƙoli ta ce abin da ya yi maguɗi ne.

Kada wani matashi ya karanta wannan ya ce zai koyi ƙirga. Hukuncin caca a wurinmu a bayyane yake cikin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma mai lissafi da mai dogaro da sa'a duk ƴan caca ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, idon da ke gane mai ci cikin sa'a guda yana ganin wanda ake cinyewa shekara da shekaru. Gidan ya san matsakaicin abin da yake zubawa da sa'o'in da yake zama, ya kuma lissafa abin da ake sa ran zai rasa, sai a saka masa da ɗakin kwana da abinci kyauta domin ya dawo. A wasan rulet, cacar faifan lambobi da ake juyawa, irin mai sifiri ɗaya, rabon gidan kashi 2.7 ne cikin ɗari na duk abin da aka zuba, kuma ba a korar kowa daga wannan teburin don ya daɗe a zaune.

Mu a nan mun saba da rumfunan cacar tseren dawaki (PMU) na hukumar caca ta ƙasa, LONANI, a bakin titi, inda aƙalla maƙwabci kan ga wanda ya tsaya. Cacar waya ba ta buƙatar kyamara a silin, domin kowane taɓi a rubuce yake: ƙarfe nawa aka shiga, nawa aka zuba, sau nawa aka sake zubawa bayan hasara da tsakar dare. Tunda kamfani na iya taƙaita mai ci, babu hujjar cewa ba zai iya taƙaita wanda ke zuba kuɗin cefanen gidansa ba. Ra'ayina shi ne hukumomin da ke ba da lasisi su wajabta iyakar abin da mutum zai iya zubawa a wata, su tilasta tantance shekaru da katin shaida, su kuma ba mutum damar rufe asusunsa ba tare da an ci gaba da turo masa saƙon tayi ba.

Kafin in mayar wa matashin nan wayarsa, na roƙe shi ya buɗe tarihin asusun tun daga farko. Ya yi ta jan allon da babban yatsa, wata bayan wata, yawancinsu hasara, har da kwanakin da ya ce kuɗin da zai kai wa mai babur ne ya zuba. A duk tsawon waɗannan watanni ba a taɓa rage masa ko dala ɗaya daga abin da zai iya zubawa ba.