Dattijon nan bai karye ba, lissafi ya yi

Tun jiya nake karanta abin da ake rubutawa a kan dattijon nan na Birmingham, raina sai ƙara ɓaci yake. Bawan Allah ya sayar da gida mai ɗaki huɗu ya koma mai biyu, ya rabu da mota ɗaya, don shi da uwargidansa su riƙa yin Disamba zuwa Fabrairu a Kano, sai aka yi masa caa wai ya karye. Har da masu cewa Allah ya rufa mana asiri. Haba jama'a! Asirin wa ya tonu? Mutumin da 'ya'yansa suka girma suka watse, ya zauna yana biyan kuɗin ɗumama ɗakunan da ba mai kwana a ciki, shi ne mai rufin asiri?

Duk wanda ya san zaman Ingila ya san ba kuɗin jirgi ke hana mutum zuwa gida ba. Tikiti sau ɗaya ake saye. Abin da ke ɗaure ƙafa shi ne kuɗin da ke fita daga asusunka kowane wata, kana nan ko ba ka nan: haya ko bashin gida, harajin kansila (wato na ƙaramar hukuma), inshorar gida, inshorar mota, bashin mota, intanet ɗin da ka sa wa hannu na wata 18 ko 24, da kuɗin da kamfanin gas da lantarki ke cira kullum ko da ba ka kunna ko kwan fitila ɗaya ba. Ka buga takardar banki ta wata uku, ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ke fita da kansa, ka haɗa. Jimillar nan ita ce ainihin farashin hunturu a gida, domin wata ukun da za ka yi a Kano gida biyu kake riƙe. Dattijon nan wannan jimillar ya sare, shi ke nan laifinsa.

Ɗauki mota kaɗai. A ce bashinta fam 300 ne a wata. Ka tafi wata uku, ka biya fam 900 a kan ƙarfen da ke fake a sanyi batirinsa na mutuwa. Motar da ka gama biya kuwa kana iya sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci, ka yi mata SORN, wato sanarwar cewa ka ajiye ta ba ta hawa titi, a daina karɓar harajinta, a maido maka na cikakkun watannin da suka rage, muddin ba a kan titin gwamnati ka ajiye ta ba. Ita ta bashi ba ruwan masu bashi da tafiyarka.

Gida ya fi haka sarƙaƙiya. Yawancin inshorar gida tana da sharaɗin cewa in aka bar gida ba kowa fiye da kwana 30, wasu 60, akwai asarar da ba za su biya ba, kuma fashewar bututun ruwa na kan gaba. Ruwa in ya daskare kumbura yake, ya tsaga bututu, ranar da sanyi ya sassauta sai ya ɓalle daga sama ya jiƙa silin da kafet har ƙasa, kai kana can kana shan kunun tsamiya ba ka sani ba. Hanya biyu ce: ko ka rufe babban famfon shigar ruwa ka tsiyaye bututun duka, ko ka bar hita a kunne a wajen digiri 12, sannan ka samu wanda zai riƙa leƙawa, ka kuma sanar da masu inshora a rubuce kafin ka tashi. Ɗumama gida mai ɗaki huɗu wata uku ba kowa a ciki, da ɗumama ɗan ƙaramin fulat da maƙwabta ke kewaye da shi sama da ƙasa, ai ba ɗaya ba ne. Mai zaune a gidan haya na ƙaramar hukuma kuma kada ya kuskura ya sa ɗan haya a ɓoye don ya rage asara, laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, ga rasa gidan.

Masu cewa "in yana da hali me ya sa bai koma gaba ɗaya ba", ku yi haƙuri, ba ku san dokar ba. Zaman nan da ƙirgen kwana ake yinsa. Wanda ke kan hanyar samun takardar zaman dindindin bai kamata ya wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12 ba. Wanda ya samu, in ya yi shekara biyu cur a waje ta faɗi. Mai neman zama ɗan ƙasa ana duba kada ya wuce kwana 450 cikin shekara biyar, kuma kada ya wuce 90 a shekarar ƙarshe, don haka hunturu ɗaya da aka ƙara wa mako biyu yana iya ja masa jinkiri. Mai karɓar Pension Credit, tallafin tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi, mako huɗu aka ba shi ya yi a waje, mai Universal Credit, tallafin marasa aiki da masu ƙaramin albashi, wata ɗaya. Fanshon gwamnati kuwa, in ka tare a Najeriya dungurungum, a kan adadin da ka tafi da shi zai tsaya, ba ƙarin shekara-shekara. 'Yan uwa na Amurka su ma sun san SSI, tallafin tsofaffi da naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi, na tsayawa in an yi kwana 30 a waje, kuma wuce wata shida da katin zama na jawo tambayoyi a filin jirgi. A Ontario ta Kanada sai ka yi kwana 153 a lardin cikin wata 12 kafin inshorar lafiyarka ta ci gaba. Wata uku a gida, wata tara a can, lissafin mai hankali ne.

"To yara fa?" Wa ya ce a ɗebi yaran makaranta? A Ingila fashin kwana biyar ba izini ya isa a ci tara, fam 80 kan kowane yaro, kan kowane mahaifi, ta koma 160 in an wuce kwana 21. In yaro ya yi kwana 20 na makaranta a jere ba izini ana iya cire sunansa, ka dawo ka tarar an ba wani gurbin. Mai ƙananan yara hutun Disamba na mako biyu ne rabonsa, sai ya yi amfani da shekarun nan yana sauke bashi. "Aiki fa?" Masu tasi, masu aikin ejansi da masu sana'ar kansu su suka fi samun sarari, a yi aiki tuƙuru daga Maris zuwa Nuwamba. Sai dai a riƙa duba shekarun National Insurance, wato kuɗin da ake biyan gwamnati daga abin da mutum ke samu, don cikakken sabon fansho shekara 35 yake nema, ƙasa da 10 kuwa ba a ba ka komai.

Amma inda na fi jin takaici shi ne ɓangaren gida, don a nan mutanenmu suke zubar da abin da suka tara. Mutum ya rage nauyi a Ingila, ya zo ya ɗora wanda ya fi shi a Kano: bene mai ɗaki shida, falo uku, a rufe wata tara. Gidan da ba a zaune a ciki lalacewa yake. Gara ta ci ƙofofi, kwano ya yi yoyo a damina ba wanda ya gani sai silin ya rufto, famfuna su bushe, ɓeraye su tauna wayoyi, ga albashin mai gadi wata 12 don zaman wata uku. Makon farko na hutun a hannun magina da masu gyaran famfo yake ƙarewa. Ɗaki biyu da falo da banɗaki a sashen gidan gado, ko a jikin gidan ƙani, inda akwai idon mutane kullum, ya wadatar da mata da miji. A sa sola daidai firji da fanka da fitilu, a gama. Ba kwana za ka zo yi ba, mutane ka zo gani.

Sai gudummawa. Disamba watan bukukuwa ne, kuma duk wanda ya ji ka sauka ya san ka zo. Ba na cewa a rufe hannu, zumunci shi ya kawo ka. Amma ka yanke adadi tun kana can, ka ware shi a asusu daban, ku yi shawara da uwargida a kan su wa ke gaba: iyaye, marayun dangi, masu jinya. In ya ƙare ya ƙare. Wanda bai yi haka ba a mako na biyar zai fara taɓa kuɗin hayar Ingila, kuma shi ne wanda ba ya sake zuwa sai bayan shekara huɗu. Layin wayarka na Najeriya ma ka riƙa sa masa kati daga can, in ya daɗe ba motsi ana iya ba wani, alhali BVN ɗinka da asusunka na jikinsa.

Lafiya kuma ba wasa. Kariyar da jiki ke da ita daga zazzaɓin cizon sauro tana gushewa in an daɗe a waje, "ai ni ɗan gida ne" ya kwantar da mutane da yawa. A sha maganin rigakafi: Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a ci gaba kwana bakwai bayan dawowa, doxycycline kuma sai an ƙara mako huɗu. A kwana a gidan sauro ko da hunturu ne. Allurar shawara sau ɗaya ce a rayuwa, ta sanƙarau kuwa a yi ta, don lokacinsa ke nan. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa fiye da ɗaya saboda ƙura. Mai hawan jini ko ciwon suga ya nemi likitansa tun Oktoba, yawanci ba a ba da maganin da ya wuce na wata uku, kuma insulin ɗin da ba a buɗe ba firji yake so, digiri 2 zuwa 8. A karanta inshorar tafiya da kyau: da yawa suna iyakance kowace tafiya a kan wata guda, kuma jihohin Arewa da dama na cikin jerin wuraren da gwamnatin Birtaniya ke gargaɗin zuwa, abin da kan soke inshorar. Ranar komawa kada a matse ta, hazo na hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano.

Duk wannan dattijon ya zauna ya lissafa, ku kuma ɗakunansa kuke ƙirgawa. A Disamba rana na faɗuwa a Birmingham kafin ƙarfe huɗu na yamma. Tsoho mai ciwon gwiwa ya wuni a ɗaki shi kaɗai, a can kuwa ga hantsi, ga tabarma a ƙofar gida, ga sa'o'insa da suka rage ana jam'i tare.

Ni abin da ma ya fi tsaya mini a rai, azumi yana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Na 2027 farkon Fabrairu zai kama, na 2028 ƙarshen Janairu, daga nan shekaru da dama a tsakiyar hunturu za a yi shi. Wanda ya daidaita al'amuransa yanzu zai yi buɗa-baki da ƙosai da kunu a tsakar gidansu, ya yi asham a masallacin unguwar da ya yi karatun allo, ya yi Sallah da jikokin 'yan uwansa kafin zafin Maris ya sauko. Masu niyya ku fara duba tikiti tun watan Yuni, kuma wanda zai iya tashi a ƙarshen Nuwamba ya tashi, kafin farashin tsakiyar Disamba ya hau.