Sojojin Alhaji

"Ba dole ba ne, Baba Alhaji," in ji ma'aikaciyar lafiya. "Ganin dama ne. Ɗan jini kaɗan za mu ɗiba don gwajin korona."

Alhaji: Jinina? Kyauta? 'Yar nan, shekarata talatin a Kantin Kwari, ko ƙyalle ban taɓa bayarwa kyauta ba. Kuma babu korona.

Ɗan boko: Alhaji, wannan ba irin na tsinken hanci ba ne. Wancan yana duba ko kana ɗauke da ita yanzu. Wannan sojojin jiki yake nema, waɗanda jini ke haɗawa mako biyu zuwa uku bayan cuta ta shiga. A gwajin 2020, a Legas an samu mutum 23 cikin ɗari suna da su, a Gombe 9.

Alhaji: Kai da ka sa takunkumi biyu kana wanka da sanitaiza, wa ya tambaye ka? Kullen 2020 da aka rufe mu a gida ana cewa tallafi na nan tafe, ko taliya ɗaya ka ƙirga mana?

(Nan ɗan boko ya yi shiru, don shi ma har yau jira yake.)

Mai shayi ya miƙa hannu aka ɗiba. Alhaji ma dai ya miƙa, bayan an tabbatar masa har sau uku ba zai biya ko sisi ba, ya kawar da kai yana salati kamar za a yanke masa ƙafa.

Ranar da sakamako ya zo:

Ma'aikaciya: Mai shayi, kana da sojoji. Ka taɓa yi ba ka sani ba. Baba Alhaji, kai babu.

Alhaji: Babu me?

Ma'aikaciya: Sojojin. Alamar ba ta shige ka ba.

Alhaji: Sake dubawa. Ba cewa aka yi cutar manya ce ba, ta masu hawa jirgi? Makka sau huɗu na je. Dubai kuwa kamar bayan gida. Ta tsallake ni ta shiga wanda ko Zariya bai sani ba?

Ɗan boko: Ai kai ka ce babu ita.

Alhaji: Na ce babu ita, ban ce ta raina ni ba!

Mai shayi: Alhaji, a yi haƙuri, ni ma ban nema ba.

Alhaji: Rufe min baki, Janar. 'Yar nan, nawa ake sayar da sojan? A sa min dozin biyu, in farashin sari ne.

Ma'aikaciya: Ba a sayarwa, Baba. Rigakafi za ka yi, shi ma kyauta ne. Kuma shi mai shayin ma tana iya sake kama shi.

Alhaji: Allura? Allah ya kiyaye. Abin kyauta ba ya ƙarko. Kai mai shayi, ajiye butar nan, matso ka yi min tari.

Mai shayi: Ai ta daɗe da fita, Alhaji.

Alhaji: Ka gani? Bashin shayi kawai ka iya riƙewa.