Dutsin da ya tsiro cikin gonar masara

Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan Zamfara in anka ce dutsi Kwatarkwashi muka sani, tun kaka da kakanni shina nan inda Allah ya aje shi. To akwai wanda mutane sunka ga fitowarshi da idonsu. Ran 20 ga Fabrairu 1943 a ƙasar Meziko, wani manomi Dionisio Pulido na cikin gonarshi ta masara ƙasa ta tsage, sai hayaƙi da warin farar wuta, cikin kwana guda tudu ya kai wajen mita 50. Shekara tara shina aman wuta, bai lafa ba sai 1952, tsawonshi mita 424. Paricutin ake ce mai.

Ku dubi yadda ya girma don Allah. Narkakken dutsi ne can ƙasa cike da iskar gas, gas ɗin ya hankaɗo shi sama da ƙarfi ya tarwatse gutsi-gutsi, tun a iska ya huce ya zama tsakuwa baƙa ko ja mai huji-huji marar nauyi, kuma mafi yawanta ba ta zuwa nesa, nan gefen ramin da ta fito take zubowa, wata kan wata, in gangaren ya miƙe da yawa ta gangara gindi ya ƙara faɗi. Ko a Biu ta jihar Borno akwai tsofaffin irinsu da sunka daɗe da mutuwa.

Haka harshenmu yake wallahi. Gulmar majalisar mai shayi, habaicin gidan biki, saƙon murya da kake turawa a guruf ɗin WhatsApp wai wane ɗan rahoton 'yan bindiga ne alhali ba ka gani ba ba ka bincika ba, kana ganin ka jefa ta tafi, a kanka take taruwa. Annabi (SAW) ya gargaɗe mu da zunuban da ake rainawa, don suna haɗuwa har su halaka mai su.

Mutanen can Meziko dai sun samu sun kwashe kayansu, don a hankali narkakken dutsin ya malalo kafin ya binne garuruwa biyu. Kai wa ya ba ka tabbacin gobe? Wanda ka ci namanshi shina raye, lambarshi na cikin wayarka, kira shi yau ka nemi afuwa, saƙon nan kuma ka koma guruf ɗin ka ce ba ka da tabbas a kai.

Allah shi yafe muna.