Intanet ta wayar wuta: wace wayar, wace wutar?

Daren jiya ɗan yayata ya turo min wani bidiyo a WhatsApp, ya biyo shi da saƙon murya. "Kawu, ka ga wannan kuwa? Wai an gano yadda za a riƙa turo intanet ta cikin wayar wuta. Ka jona a soket kawai, ka huta da sayen data." Na ji zumuɗin da ke muryarsa, kuma ban ga laifinsa ba. Ɗalibi ne a BUK, tun da aka ƙara kuɗin kira da na data a farkon 2025, abin da ake ba shi na mako ba ya kai shi Laraba. Na ce masa ya bari sai da safe, don amsar ta fi ƙarfin saƙon murya. Ga ta nan, domin na san ba shi kaɗai ya ga bidiyon ba.

Wayarin da haɗa sola da netwok su ne sana'ata, da su nake ciyar da iyalina, saboda haka ba jita-jita zan faɗa ba. Abin gaskiya ne, ana iya tura saƙo ta wayar wuta. Wutar da ke shigowa gidajenmu tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Saƙon intanet da ake ɗora mata kuwa yana kaɗawa sau miliyan 2 zuwa miliyan 30 ko fiye a daƙiƙar. Tazarar da ke tsakaninsu ce ta sa suke iya tafiya a waya ɗaya, na'ura kuma ta tace ta raba su a ƙarshe. Har ƙa'ida ta duniya aka yi wa abin a 2010, wadda ake kira IEEE 1901.

Ni da hannuna na taɓa haɗa shi. Wani Alhaji a Hotoro yana da bene mai kaurin bango, rautarsa, wato na'urar da ke raba intanet a gida, tana falon ƙasa, sabis ba ya isa ɗakin karatun yara a sama, kuma ya ce ba ya son a fasa masa bango ko a bi masa silin da waya. Na kawo masa 'yan na'urorin nan guda biyu na TP-Link da ake soka wa a soket, ɗaya kusa da rauta, ɗaya a sama. Na danna maɓallin kowacce, fitilu suka kama kore, yara suka buɗe YouTube ba ko tsayawa. Alhaji ya yi ta sa min albarka. Kwana uku sai ga kiransa: "Malam, abin nan naka ya mutu." Na je na tarar wuta ta yi ƙasa a layi ɗaya, mai gadi ya zare fis ya mayar da saman bene kan wani layin, kamar yadda kowa yake yi a garin nan. Na'urorin biyu suka zama ba sa kan waya ɗaya, suka daina jin juna. Na gyara. Bayan mako guda kuma muka lura duk sanda injin jan ruwan rijiyar burtsatse ya tashi, gudun intanet ɗin sai ya faɗi warwas. A ƙarshe dai sai da na ja masa wayar netwok ta bayan ginin.

Wannan fa gida ɗaya ne, mai sabon wayarin, tsawon da bai wuce mita 30 ba. To yanzu ku fita titi ku ɗaga kai. Ku tsaya a Kurna ko Rijiyar Lemo ko cikin Fagge ku kalli abin da ke saman falwaya: waya kan waya, wata an ƙulla ta da hannu, wata ta yi tsatsa a mahaɗa, wata ta sako har babbar mota tana shafarta. Kowane ƙulli a nan ƙofa ce da saƙo zai zube. Wayar wuta tsirara take, ba ta da rigar kariya irin ta wayar dish, ba a kuma murɗa ta biyu-biyu kamar wayar netwok ba. Duk hayaniyar da ke unguwa tana shiga cikinta: mai walda, mai injin markaɗe, tsohon firji, cajar waya mai araha, inbata. Ita wuta ba ruwanta, za ta wuce. Saƙo mai laushi kuwa a nan yake narkewa, shi ya sa dole a riƙa dasa na'urar ƙara masa ƙarfi bayan kowane 'yan ɗaruruwan mitoci.

Sai babban shinge, taransifoma. An gina ta ne don wuta mai kaɗawa sau 50, saƙo mai saurin miliyoyi ba ya ratsa ta, sai an sa wata na'ura ta tsallakar da shi. A Amurka taransifoma ɗaya gidaje kaɗan take ɗauka, wannan ya sa kuɗin aikin ya yi musu yawa. Mu a nan, kamar Turai, ɗaya tana ɗaukar gidaje masu ɗimbin yawa, kuma gaskiya ta wannan fuskar mun fi su sauƙi. Sai dai duk gidajen nan rabon saƙo ɗaya za su yi, kamar unguwa guda a kan famfo ɗaya. Kuma wa zai tsare na'urar? A unguwarmu sau biyu muna karo-karo saboda ɓarayi sun kwashe wayoyin taransifoma cikin dare. Wanda ya iya sace wannan, akwati mai tsada a maƙale a jikin falwaya ba zai gagare shi ba.

Abin da ya fi ɓata min rai da irin waɗannan bidiyoyi shi ne yadda ake kawo mana tsohon zance a matsayin sabo. An gwada wannan a Manchester ta Ingila, kamfanin Nor.Web ya rufe aikin a 1999. Kamfanin wuta na RWE a Jamus ya fara sayar da shi a 2001, ya janye a 2002. Garin Manassas na jihar Virginia a Amurka ya shimfiɗa shi a faɗin gari a 2005, ana ta yayata shi, a 2010 aka kashe. Waɗannan ƙasashe ne da wuta ba ta ƙiftawa, wayoyinsu a tsare, ga kuɗi ga injiniyoyi. Abin da ya kayar da su shi ne tsada, ga rashin gudu idan aka gwada da sauran hanyoyi, ga kuma rigima da masu rediyo.

Batun rediyon nan ya shafe mu fiye da su. Doguwar waya tsirara idan ta ɗauki irin wannan saƙo, eriya take zama, tana watsa shi ko'ina. Kuma zangon da take watsawa a kai shi ne gajeren zango, inda mita 16 da 19 da 25 da 31 da 49 suke. Na tashi na ga mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana zama a kan tabarma a ƙofar gida bayan sallar isha'i, yana murɗa akwatinsa a hankali har muryar London ta fito. BBC Hausa tun 1957 take magana da mutanenmu. Na san yanzu FM da wayar hannu sun karɓe yawancin masu sauraro a birni, amma har gobe akwai dattijo da makiyayi da direban dogon zango da ba su rabu da gajeren zango ba. Ban yarda a toshe musu kunne da shuuu don wani gwaji ba.

Duk wannan ma idan akwai wutar ke nan. Tun Afrilun 2024 da aka ƙara wa masu amfani da wuta 'yan rukunin A kuɗi, alƙawarin shi ne wutar awa 20 a rana, sauran rukunai kuwa ƙasa da haka. A Oktoban 2024 Kano da yawancin jihohin Arewa sun haura mako guda cikin duhu, bayan an lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ake dogaro da shi kuma ya faɗi. A waɗancan kwanakin me ya riƙe mutane? Wayar hannu, da masu cajin sola da janareto a bakin titi. Da ita aka yi ta tura kuɗi, da ita aka ji labari. Da intanet ɗinmu a jikin layin wuta yake, da an haɗa mana duhu biyu. Kuma gidan da ya juya kan janareto ko sola, ya yanke kansa ke nan daga wayar titi, saƙon ba shi da ta inda zai shigo.

Maganar hutawa da sayen data kuwa, babu ita. Intanet ba a cikin wuta ake haifarsa ba. Ta wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 da Equiano yake sauka a Legas, a jawo shi kusan kilomita 1,000 zuwa nan, kuma kowane taku akwai mai jiran a biya shi.

Abin da nake so mu matsa a kai shi ne turakun, ba wayar da ke kansu ba. Falwaya ta riga ta shiga kowane lungu na Kano, har inda mota ba ta shiga. A rataya mata wayar fiba, wato wayar intanet mai zaren gilashi. Ita da haske take aiki, ba ruwanta da mai walda, ba ta damun rediyo, babu tagulla a cikinta balle ɓarawo ya kai kasuwa. A manyan layukan wuta na ƙasar nan ma akwai inda fiba take bi ta samansu tun tuni. Abin da ya rage shi ne gwamnatin jiha da kamfanin raba wuta da kamfanonin sadarwa su zauna su daidaita kuɗin hayar turaku da na izinin hanya, yadda ƙaramin kamfani zai iya kai fiba Dorayi ko Sheka ba tare da ya karye ba.

Da safe na kira yaron na faɗa masa duk wannan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, mu yanzu ya za mu yi?" Na ce ya haɗa abokansa biyar na gidan hayar da suke, su yi karo-karo su sayi rauta ɗaya ta wata-wata, ni zan zo ranar Asabar da ƙaramin batir da faranti ɗaya na sola in haɗa musu.