Harafi ɗaya, wahalar wata guda

A ɗakin jiran asibiti ake gane mai suna mai wuyar faɗi. Ma'aikaciya ta duba takarda, ta yi shiru, ta motsa leɓe, sannan ta kira wani abu da ko mahaifin mai sunan ba zai amsa ba. Kafin ya farga layinsa ya wuce.

Wannan ma da sauƙi. Kwamfuta ce babbar masifa. Layuka biyun nan na ƙasan shafin fasfo, waɗanda na'ura ke karantawa, kowanne gurbi 44 ne, kuma 39 kacal aka ware wa suna. A wurin suna, haruffan A zuwa Z kawai suke ɗauka: ƙ ta koma K, ü ta Jamusanci ta koma UE, alamar hamza (') a jefar da ita, dogon suna kuwa a datse shi. Sai banki ya kwafi sunan da ke saman shafin, kamfanin jirgi ya kwafi na ƙasa, ofishin haraji ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Mutum ɗaya, sunaye uku, kuma shi za a ce ya kawo hujjar cewa shi ne shi!

Don haka rubutun ƙasan fasfo za ka bi a ko'ina, musamman tikitin jirgi. A waya kada ka faɗi sunan, ka jero haruffa: B ta Bravo, D ta Delta, domin B da D, M da N, a layi duk ɗaya suke. Ka nemi a juyo maka allon ka gani kafin a adana, don gyara daga baya sai da fom da kwafin fasfo da jira.