Nasiha ga ƙannena na fada a kan gardamar fita daga CEDEAO

Assalamu alaikum ƙannena, samarin Birni da Zango da Garin Malam da Sabon Gari, da ku ɗaliban jami'a, da ƴan kabu-kabu masu leƙa salula kafin fasinja ya zo. Yayanku ne, mai sayen wake da riɗi a kasuwar Dole ta Damagaram. Ban taɓa riƙe katin jam'iyya ba, ba ni da kowa a Yamai sai wani abokin lakkol da ko lambarsa ta ɓace mini. Abin da ya same ni ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma zan fara da shi ko da akwai kunya a ciki.

Ina da ɗan yaya, saurayi mai kaifin baki, irin wanda in ya fara magana a fada mai shayi yakan manta da buta a kan wuta. Wani dare gardama ta yi zafi tsakaninsa da abokansa a kan fitar Nijar daga CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da ƴan Najeriya ke kira ECOWAS. Da ya koma gida zuciya ba ta sauka ba, sai ya naɗi murya ta wajen minti uku ya jefa a wani zauren WhatsApp. Da shugabannin ƙungiyar ya fara, amma kafin ya kai ƙarshe ya haɗa mutanen Najeriya kaf ya yi musu kuɗin goro: bayin Turawa, maciya amana, da wasu kalmomin da ba zan maimaita ba. Bayan kwana huɗu wani dattijo da muke ciniki a Dawanau ta Kano ya kira ni. Mutumin nan ya fi shekara goma yana ba ni kaya bashi, babu takarda babu shaida. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, sannan ya ce, “Alhaji, saurara ka ji wani abu.” Ya kunna mini muryar daga wata wayar. Da ta ƙare ya yi shiru kaɗan, ya ce, “Wannan ba yaron nan ba ne da ka zo da shi bara, wanda ya kwana a ɗakin yarana?” Ina tsaye bakin rumfa da tiya a hannu, wallahi na rasa inda zan sa fuskata. Kakar yaron nan ta wajen uba fa Badauriya ce, har yau danginta suna zuwa mana biki.

Ba cewa nake ku daina gardama ba. Ƙasarku ce, kuma ku za ku daɗe cikin abin da aka shuka yau fiye da mu. Ba kuma na raina zafin da ke cikin ranku. Duk muna nan lokacin da shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja ranar 30 ga Yuli 2023, kwana huɗu bayan juyin mulki, suka rufe iyakoki, suka tsayar da hada-hadar kuɗi, suka ba da mako guda tare da barazanar ƙarfin soja. Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, alhali mafi yawan lantarkin ƙasar nan daga can yake zuwa. Mun ga mai ƙanƙara ya zauna banza, mun ga magani ya yi wuya, mun ga motoci sun yi layi a kan iyaka da kaya suna lalacewa. Takunkumin bai faɗa kan masu riƙe da mulki ba kamar yadda ya faɗa kan talaka, kuma sai 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage shi. Wanda ya ce wannan bai yi masa ciwo ba, to ba a nan yake zaune ba. Sai dai ku tuna, a watannin nan malamai da sarakuna da sanatocin arewacin Najeriya suna cikin waɗanda suka fi kowa ɗaga murya cewa kada a kai mana yaƙi, kuma ƴan kasuwar Maigatari da Kwangwalam da Jibiya sun sha asara tare da mu. Wanda ya zage su gaba ɗaya ya zagi masu tare masa faɗa.

Abin da ya fi damuna da gardamarku shi ne yawanci ba ku san abin da kuke gardama a kansa ba, masu goyon baya da masu suka duka. Na zauna a fada na tambayi samari bakwai, me muka fita daga cikinsa, me kuma muke ciki har yanzu? Biyu suka ce mun bar sefa, alhali ita ce a aljihunsu. CEDEAO daban, UEMOA daban. An kafa CEDEAO a Legas a 1975, ita ce ta kawo yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan ƙasashen damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba biza. UEMOA kuwa ita ce ta ƙasashe takwas masu sefa, babban bankinsu yana Dakar, kuma ba a fita daga cikinta ba lokacin da aka bar CEDEAO. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da fitarsu ranar 28 ga Janairu 2024, suka ce nan take. Dokar ƙungiyar ta ce sai an ba da sanarwar shekara guda, shi ya sa a wajenta fitar ba ta tabbata ba sai 29 ga Janairu 2025. A ranar ne kuma ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta, mutane da kaya su ci gaba da wucewa, har sai an zauna an daidaita. Ku lura da wannan “har sai”. Rancen lokaci ne, kuma abin da za a rubuta bayansa shi ne zai shafi mai kai raguna Maigatari da ɗalibin da ke karatu a Kano ko Zariya.

A nan ne nake so ku tsaya ku yi tunani. Tambayar ko ya dace a fita daban take da tambayar yaya aka tafiyar da fitar. Mutum yana iya yarda ɗari bisa ɗari cewa ƙungiyar da ta toshe mana abinci da magani ba ta cancanci mu zauna cikinta ba, kuma duk da haka ya tambaya: wace takarda direba zai nuna a duwan nan gaba? In aka daidaita, wake da albasa da dabbobinmu za su biya haraji a ƙofar Najeriya ko ba za su biya ba? Me ya sa iyakar Benin ta daɗe a rufe ta ɓangarenmu bayan an ɗage takunkumi, har kayan da a da ke fitowa daga Kwatano ta Gaya suka koma zagayawa daga Lome ta cikin Burkina da rakiyar sojoji? Hukuma ta ce dalilin tsaro ne. To, mai sayen shinkafa a Damagaram, kusan kilomita 900 daga Yamai, shi ke biyan kuɗin zagayen, yana da hakkin ya ji bayani. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Amma yau da zarar yaro ya yi irin wannan tambaya sai a yi masa ca: ɗan Faransa, maras kishin ƙasa, nawa aka biya ka. Yaron da ko kuɗin kati sai ya roƙa, wa zai biya shi?

Ku kuma masu suka, kada ku ce na bar ku. Akwai wani hali da na gani a wurinku wanda ya fi zagi muni, shi ne murna da wahala. Buhun shinkafa ya tashi, ko mai ya yi wuya a gidajen mai, sai ka ga mutum ya rubuto “ai mun faɗa” da alamar dariya, kamar shi a wata kasuwar yake cefane. Har labarin rasuwar sojoji na ga ana yi wa haka, yaran da iyayensu mata ke nan cikin unguwanninmu. Kuna kiran duk mai goyon bayan AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, jahili ko ɗan amshin shata, alhali da yawansu mutane ne da suka ga yadda aka yi shekaru ana haƙar uraniyom a Arlit garuruwanmu suna cikin duhu, suka ce ya isa. Diyaucin ƙasa da suke faɗa ba wasa ba ne a zuciyarsu. Kuma zama cikin CEDEAO bai taɓa zama aljanna ba. Muna cikinta tsundum Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 har Disamba 2020, mun ji a jikinmu, ƙungiyar ba ta iya buɗe mana ko ƙofa ɗaya ba. Muritaniya ta fita tun 2000, ba ta nitse ba, daga baya ma ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar.

Irin wannan rabuwa ba a gama ta da sanarwar talabijin. Birtaniya ta yi ƙuri'ar barin Tarayyar Turai a Yuni 2016, ba ta fita ba sai ƙarshen Janairu 2020, yarjejeniyar ciniki kuma sai a Disamban shekarar aka cim mata. Firaminista biyu suka sauka a kan maganar. Abin da ya fi ba su wuya shi ne iyakar tsibirin Ailan, inda mutane ke kwana a wannan gefe su yi aiki a wancan. Su da suke da teku da jiragen ruwa da tarin lauyoyi ke nan. Mu ba mu da teku, kuma iyakarmu da Najeriya ta kai wajen kilomita 1,500, gonaki da aure da makabarta duk a haɗe.

Ga wani misali na yadda rashin sani ke hura wuta. Da ƙasashen AES suka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga waje a Maris 2025, sai wani ɓangare ya ce an gama da talaka, ɗayan ya ce an karya CEDEAO. Babu wanda ya tsaya ya ce ita ma CEDEAO tana da irin wannan haraji na kashi 0.5 da take gudanar da ayyukanta da shi, mun yi shekaru muna biya ba mu sani ba. Tambayar da ta dace ita ce ina kuɗin za su tafi, wa zai duba lissafinsu. Ban ji wanda ya yi ta ba, ana can ana raba sunaye.

Sai maganar tura abin da ba ka tabbatar ba. Hoton tankokin yaƙi na wata ƙasa a ce ga su a Magarya. Hoton takardar kuɗi da aka zana a kwamfuta a ce sabon kuɗin AES ya fito, gobe za a daina karɓar sefa. Na san tsohuwar da ta ji irin wannan ta kwance ƴan jikkunan da take ɓoyo a bakin zane ta sayi abin da ba ta bukata, don tsoron kada su zama takarda. Wanda ya tura ya yi barcinsa lafiya. Kun yi makarantar allo, kun san ayar Suratul Hujurat da ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika, kun san a cikin surar ne aka hana jifan juna da munanan laƙabi. Ban ga inda aka ce hukuncin ya faɗi in da babban yatsa aka yi ba. Wanda kuma tsoron Allah bai tsayar da shi ba, to ya san cewa a Yuni 2024 an gyara dokar laifukan intanet ta ƙasar nan, an dawo da ɗauri a kan zagi da ɓata suna da yaɗa abin da ake ganin zai ta da hankalin jama'a. Ko ka yarda da dokar ko ba ka yarda ba, ranar da aka zo ɗaukarka mutum ɗari biyun da suka danna maka alamar yabo ba za ka ga ko ɗaya ba. Mahaifiyarka ce za ta riƙa kai tuwo.

Hanyar Kano ta girmi CEDEAO, ta girmi AES, ta girmi tutar ƙasashen biyu. Tun zamanin Sarki Tanimun ayari ke tasowa daga Kano ya yada zango a Damagaram kafin ya nufi Agadas da Tarabulus, sunan unguwar Zango ma daga nan ya samo asali. Ko a zamanin gwamnatoci, hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971 take, shekara huɗu kafin a haifi CEDEAO. Shugabanni suna ɓatawa su shirya, mun ga ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya zo Yamai a Afrilu 2025 an zauna an sha ruwa. Su suna da masu rubuta musu takardar sulhu. Kai da ka zagi surukin yayarka a bainar jama'a, kai kaɗai za ka je ka durƙusa.

Haka ɗan yayata ya yi. Na kira shi rumfa, ban yi masa faɗa ba, na dai miƙa masa wayata na ce ya kira dattijon. Ya fi minti biyar yana jujjuya ta a hannu, gumi na tsattsafo masa a goshi. Da aka ɗauka ya ce, “Baba, ni ne, don Allah a yi mini aikin gafara.” Ina jin muryar tsohon daga inda nake zaune. Ya ce ba komai, yaro ne, su ma can suna da irinsa, har sun fi shi baki. Ya ce ra'ayinsa a kan CEDEAO ya riƙe abinsa, shi ma ba sonta yake ba tun ranar da aka rufe iyaka kayansa suka kwana wata biyu a mota. Sannan ya ce a ba shi Alhaji, yana so ya ji nawa tiyar wake take yau a Dole.