Ranar da Na Fita da Cikin Wata Tara a Agege

Shekara 11 ina ɗinki a unguwar Agege ta Ikko, ban taɓa ɗinka wa mace ko ɗankwali ba. Ni telan maza ne: kaftani, jamfa, babbar riga, wando mai zariya. Cikin da na saba aunawa shi ne na alhazan Zango masu cinikin goro, wanda in ka auna shi da ƙaramar salla, da babbar salla ma yana nan inda ka bar shi, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Wata Laraba uwargida ta dawo daga awo da sabon zance. Nas ta ce mata tunda cikin lafiya lau yake, ta daina wuni a kan tabarma, ta riƙa tattaki. Wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai juna biyu ta samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Na ce to, ga titi nan.

"Da wane kayan?" in ji ta.

Kuma tana da gaskiya. Zani ba ya zama a kan cikin wata shida, taku goma sai an sake ɗauri. Atamfa ba ta talewa ko da bakin allura. Baƙar abaya kuwa a zafin Ikko, inda zufa ba ta bushewa saboda damshin teku, azaba ce kawai. Ta nuna mini a waya irin kayan da matan Turawa ke sawa su hau duwatsu da cikinsu. Sun matse kamar fatar ganga, kuɗin kuma da dala.

Nan girman kai ya motsa. Na ce, "Kina auren tela kike kallon na Turawa?"

"Maigida, ka taɓa ɗinka irinsa?"

"Ɗinki ai ɗinki ne."

A bayan kwali na zana shi. Dogon wando mai faffaɗan ƙugu da zai haye saman ciki ya tallafe shi, riga har ƙasan gwiwa mai tsaga a gefe, zif biyu a ƙirji saboda shayarwa in an sauka, sai aljihu a baya na waya da ledar ruwa. Ina zane ina hango sunana a jikin allo a Lekki, unguwar masu hannu da shuni.

Na hau jirgin ƙasan nan da aka fara a 2024 daga Agege zuwa Oyingbo, na kama danfo, wato bas ɗin haya, na tsallaka kasuwar Balogun. Mai yadin ya ja ƙyallen a gabana, ya ce da zaren Lycra a ciki, ya tambaye ni mai talewa ta fuska biyu nake so ko ta huɗu. Ban san bambancin ba. An ce matambayi ba ya ɓata, amma tela mai shekara 11 a sana'a ba ya tambayar mai yadi a gaban mutane. Na ce ya ba ni mai arahar. Ya ƙara da cewa in nemi allura mai dakusasshen baki. Na yi masa dariya. Wa ya taɓa sayen dakusasshiyar allura da kuɗinsa?

Dare uku na yi ina fama da shi a kan baƙar kekena Butterfly. Yadin yana nannaɗewa kamar ganyen da ya sha rana, keke tana tsallake ɗinki, ina komawa ina bi. Da na gama na kai mata ina taƙama. Ta juya shi, ta ja hantsar wandon, ta ji ya yi wata 'yar ƙara.

"Ba zan fita titi da abin da ba a gwada ba. Ka fara."

To ga wata matsalar. Nas ɗin ma da tef take aiki kamar ni, kuma ta gaya mata daga yanzu cikin zai riƙa ƙaruwa da kusan santimita ɗaya duk mako. Ke nan ba cikin yau zan gwada ba, na wata tara ne. Sai na samu rigar filo, na juye mudu biyu na shinkafar gida a ciki don nauyi, na kifa ƙwarya a kai don siffa, na ɗaure a cikina da majanyi. Na zura wando, na zura riga, na ɗora hulata. Shawarata in fita ana idar da sallar asuba, da sauran duhu, in taɓo gadar Pen Cinema in dawo, ba wanda ya gani.

Minti goman farko na ji daɗin kaina. Iska na shiga ta tsagar gefe, yadin bai manne mini ba. Amma wallahi daga ranar na ƙara ganin girman mata. Ƙuguna ya riƙe, ba na ganin ƙafafuna, tafiyata ta koma ta agwagwa ba tare da na shirya ba. Wata Bayarabiya mai tallar burodi ta matsa mini hanya, ta yi mini sannu da yarensu cikin tausayi. Sai da ta ɗago ta ga gemu ta tsaya cak da farantinta a ka.

Abin da na manta shi ne gari yana saurin wayewa in mutum ba ya so. Ina dawowa, daidai teburin mai shayin layinmu, akwai wata kwata da na saba tsallakewa ba tare da na kalle ta ba. Na buɗa ƙafa.

Ƙiiiit!

Hantsa ta tafi tun daga gaba har baya. Ƙugun da na yi don ya tallafi ciki ya naɗe ya sulale, majanyi ya kwance, ƙwarya ta faɗi ta gangara tana ƙwaram-ƙwaram har ƙarƙashin benci. Rigar filo ta fashe, shinkafa ta watsu a titi. Kaji kamar an aika musu goron gayyata.

A kan bencin akwai ladanin masallacinmu, da yaron shagona, da kawun uwargida, mutumin da ko sunansa ba na iya faɗa saboda surukuta. Kawu ya kawar da kai yana kallon sama, sai ka ce watan salla yake nema. Yarona ya cusa burodi a baki don kada ya fashe. Mai shayi kuwa bai fasa shiƙar shayinsa ba, ya ce, "Sannu Malam Tela. An samu ƙaruwa ke nan? Mace ko namiji?"

A gida ba a tambayi lafiyata ba. Shinkafa aka tambaya.

Ranar na ajiye girman kai na je wurin wata dattijuwar tela da ke bayan shagona. Ta duba aikin ta yi dariya har da hawaye. Na yanka yadin a juye, talewar ta tafi tsaye maimakon ta kewaye jiki. Ɗinkin kekena miƙaƙƙe ne, yadi na talewa zare ba ya binsa, dole ya tsinke, sai an yi mai lanƙwasa kamar haƙoran zarto. Allurar da na yi wa dariya kuwa ita ce ke ratsa tsakanin zaren yadin ba ta huda shi ba. Ta kuma sa na ƙara ƙyalle a hantsa, dabarar da kakanninmu suka daɗe da sani a wandon buje, ni na manta.

Na biyun ya yi. Da shi uwargida ta yi ta tattakinta har watan haihuwa.

Bayan suna sauran wautata ta fito. Zif ɗin ƙarfe ya karci kumatun jaririya a shan farko, Hajiya da ta zo daga Katsina zaman jego ta bi ni da wani kallo, na cire shi a daren na mayar da ninki biyu da ake ɗagawa. Aljihun baya kuwa, da aka yi arba'in aka fara fita da goyo, sai ga wayar uwar a ƙarƙashin 'yar, ta yi mata wanka da fitsari.

Yanzu mata huɗu a layinmu sun aiko mazajensu da yadi. Kawu har yau bai ɗaga zancen ba. Mai shayi ne dai duk safiya in na wuce yake ɗaga ludayi ya ce, "Malam Tela, ya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya."